Dutsen da Zorka Ta Ɗora a Kan Igiya

Tun da ɓarin jikin Tonko ya shanye, matarsa Zorka ce ke yin komai a jirgin ruwansu. Ita ke ɗaga zanen da iska ke turawa, ita ke sakin anga, ita ke soya kifi. Shi kuwa yana zaune a gindin sitiyari, hannun hagu a cinya kamar na aro, yana ba da umarnin da ba mai bi. 'Ya'yansu da ke Zagreb sun yi magiya har sun gaji, a sayar da jirgin a koma tudu. Tonko ya ce in aka kulle shi a bene ba zai ga Kirsimeti ba. Zorka ta san gaskiya ya faɗa, sai suka ci gaba da zama a kan ruwa, su biyu da tukunyar ɗoɗɗoya.

A watan Oktoba, bayan baƙi 'yan yawon buɗe ido sun watse, suka shiga wani lungun teku na Skrivan, tsibirin da kakanta Roko ya yi kiwon tumaki. Rabon da wani ya kwana a can an manta. Zorka ta saki anga, ta jefa jarka cikin kwalekwalen roba.

"Ruwa kawai zan ɗebo in dawo," ta ce.

"Ƙarya kike, tsohuwa," in ji Tonko, maganar na fita ta gefen baki. "Ɓauren kakanki za ki je ki yi wa kuka."

"In na samu ɓauren ko ɗaya ba za ka ɗanɗana ba."

"Tsuntsaye sun riga ki. Ke dai ki ɗaure kwalekwalen nan da kyau."

"Ji min mutum! Kai za ka koya min sauka a Skrivan? Ina rarrafe a tsibirin nan kana can kana majina."

A bakin gaɓar babu itace, babu ƙarfen ɗauri, sai tsakuwa. Ta jawo kwalekwalen, ta miƙar da igiya, ta mirgino dutse ta danne ta. Haka kakanta ke yi, haka kowa a gidansu ke yi, hannunta ma ya gama kafin kanta ya sani. Sai dai kwalekwalen Roko na katako ne, ƙarti huɗu ke ɗaga shi, nata kuwa iska ce a cikin roba. Zafi ya dame ta, ta cire jar rigar ruwanta ta cusa ƙarƙashin mazauni, ta kama hawa.

Tsibirin bai yi mata maraba ba. Katangun duwatsun da suka raba makiyaya suna nan, amma ƙaya ta cinye hanya. Rufin gidan ya rufta. A bakin ƙofa ta yi tuntuɓe da ƙoƙon kan rago, fari fat. Ɓauren ya bushe tun da daɗewa, kuma abin haushi, sai da ta yi masa ƙwallar da Tonko ya ce za ta yi. Rijiyar ruwan sama kaɗai ke nan yadda ta san ta, can saman tudu, da murfinta na ƙarfe. Wannan murfin Roko ke bugawa da dutse in abinci ya nuna, masu kamun kifi su ji su dawo. Shekarar da Tonko ke neman aurenta, shi ke riga kowa amsa kiran, har aka riƙa yi masa dariya.

Tana cika jarka ta lura da shirun. Ko tsuntsu babu. Da ta ɗaga kai kuwa ta ga abin da take tsoro: farin gajimare ya kwanta a kan duwatsun Velebit kamar an shimfiɗa auduga. Duk wanda aka haifa a gaɓar nan ya san iskar arewa ce ke sallama, kuma ba ta jiran a amsa. Can nesa teku ya riga ya yi baƙi, fari na tashi a kansa.

Bugun iskar na farko ya durƙusar da ita. Daga inda take tana ganin lungun duka, jirgin ƙarami a tsakiya. Ta ga kwalekwalen ya ɗaga hanci, ya zare igiyarsa daga ƙarƙashin dutsen ba wani wahala, ya yi ta wuntsilawa a kan ruwa har ya wuce jirgin, ya kife a bakin lungu. Jar rigar ta fito tana yawo a gefensa, hannaye a buɗe.

Tonko ya gani. Ta ga ya miƙe da ƙyar yana kallon rigar.

"Tonko! Ga ni nan! Tonko, waiwayo!"

Ina! Muryar tsohuwa ce a cikin wannan ruri, ga ta da kaya masu launin toka a cikin duwatsu masu launin toka. Bai waiwayo ba. Hayaƙi ya fita a bayan jirgin, ya tayar da inji. Sai ya zauna a ƙasa ya fara jan gindi zuwa gaba, mutumin da ko maɓallin riga ba ya iya sawa. Nan take ta gane abin da zai yi. Sarƙar anga zai saki gaba ɗaya, ya bi rigar, a zatonsa ita ce a ciki. A waje igiyar ruwa ta fi mutum tsayi. Zai leƙa da hannu ɗaya ya kamo ta, ba abin da zai riƙe shi, kuma rabonsa da iyo tun kafin ciwon.

Ta zabura za ta gangara, ta ga ko tashi take yi ba za ta isa ba. Sarƙar ta riga ta sulale cikin ruwa. Ta juyo da gudu, ta jingina murfin rijiyar da katanga, ta ɗauki dutse da hannu biyu.

Ta buga. Ta sake bugawa. Jirgin na ta tafiya. Ta yi ta dukan ƙarfen kamar mahaukaciya, tana kiran Uwa Maryamu, tana zagin Tonko da uwarsa da taurin kansa, fatar yatsunta na salewa. Bai juyo ba, don duka irin wannan ko ƙofar da iska ke kaɗawa tana yi. Hancin jirgin ya kai bakin lungu, igiyar ruwa ta farko ta wanke shi. Zorka ta tsaya, ta haɗiye kukan, ta tilasta wa hannunta bugun Roko: a hankali, a hankali, sannan da sauri, kiran abinci.

Jirgin ya ci gaba kaɗan. Sai ya kwanta a gefe har ta ga cikinsa, ta rufe ido. Da ta buɗe, hancinsa na kallon tsibiri.

Ba ta san yadda ta sauko ba. Ta wuce dutsen da ta danne igiyar kwalekwale da shi, yana nan zaune inda ta ajiye shi, ta faɗa ruwa. Sanyin ya ɗauke mata numfashi. Ta yi iyo tana shan gishiri har ta cafke tsanin baya, ta hau.

Tonko ya ɗaure mataccen hannunsa a jikin sitiyari da ɗamararsa. Goshinsa a fashe, jini da ruwa na bin fuskarsa. Ya saki sitiyarin ya damƙe wuyan hannunta.

"Sake ni, tsoho! Ba mu da anga, duwatsu na gabanmu. Riƙe sitiyari!"

"Na ga rigarki," ya ce.

"Na sani. Sake ni mana!"

"Hannuwanta a buɗe, Zorka."

Bai sake ta ba. Dole ta kama sitiyarin da hannun da ya rage mata, kusa da nasa da ke ɗaure, ta juya jirgin zuwa baƙin tekun da ke jiransu.