Mai Gadin Cikin Waya

Tun kafin matar da ke teburin karɓar marasa lafiya ta buɗe baki, Mai Walda ya san yau ba za a rabu da daɗi ba. Ya gani a yadda ta daina danna kwamfuta, ta cire tabarau, ta dube shi kamar wanda ya iso tasha bayan mota ta tashi.

"Baba, ai mun kira ka."

"Ni?"

"Kai. A lambar da ka bayar. An samu gurbi wancan makon, zazzaɓi ya kama wani yaro aka ɗage aikinsa, kuma sunan 'yarka ne a gaba. Mun kira da safe, mun sake kira da rana. Da ba a ɗauka ba sai aka ba na bayanta."

Mai Walda ya zaro wayar daga aljihun ƙirjinsa. Tun ranar da likitoci suka ce 'yarsa Auta tana da huji a zuciya, kuma sai an yi mata aiki, wayar nan ba ta bar wannan aljihun ba. Ko yana yankan ƙarfe tana manne da ƙirjinsa, don idan ƙarar injin ta danne kukanta ya ji girgizarta. Wanka ma da ita yake shiga, a cikin leda.

"'Yata, wallahi ba ta yi ƙara ba. Duba ki gani."

Ta karɓa, ta danna nan ta danna can, ta shiga wani lungu da bai taɓa sanin akwai shi ba, sannan ta juyo masa da fuskar wayar. Lambobi ne jere, kowace da jan alama a gefe. Ta nuna biyu da farce.

"Ga mu nan. Wayarka ce ta toshe mu. Layukanmu suna kiran mutane da yawa kullum, sai ta ɗauka 'yan talla ne. Ba kai ne na farko ba."

"To ba ni lambar in adana."

"Ba lamba ɗaya ba ce. Duk layin da ya samu shi ke fita, kuma ba a kiransu daga waje."

"A sa ta uwarta."

"Wace iri ce tata?"

Iri ɗaya ce da tasa. Ƙaninsa ne ya saya musu tare, kamfani ɗaya, launi ne kawai ya bambanta. Ya tambaya ko ya koma ƙaramar waya mai madanni. Ta ce a'a, bayan kira akwai saƙon da ake taɓawa a tabbatar, ƙaramar waya ba ta buɗe shi. Sunan Auta yana nan a saman jerin masu jira, in ji ta. Likitocin da ke wannan aikin suna nan zuwa ƙarshen wata, daga nan sai wata shekara. Kira yana iya zuwa yau, yana iya ƙin zuwa. Ta mayar da tabarau ta kira na bayansa.

Bai koma shago ba. Ya hau bas zuwa kasuwar wayoyi, hannunsa a kan aljihu har ya sauka.

A layin masu gyara akwai mutum biyu da ke raba dogon tebur ɗaya da soket ɗaya. Na dama ana ce masa Injiniya, gajere mai furfura a gemu. Na hagu Dogo. Mai Walda ne ya yi musu ƙofar ƙarfen shagon, don haka suka matso masa da kujera tun kafin ya gama sallama. Ya faɗi abin da ya faru. Dogo ya karɓi wayar, ya shiga saiti, ya kashe wani maɓalli, ya miƙo masa.

"Shi ke nan, Yaya. An gama."

"An gama me?" in ji Injiniya, bai ko ɗago daga wayar da ya farke ba. "Tambaye shi sau nawa ya kashe wa matarsa wannan abin."

"Kai dai ka ji da aikinka."

"Sau nawa, Dogo?"

Dogo ya yi tsaki. Injiniya ya ajiye sukurdireba ya juyo. Ya ce ita waya kamar gida ce. Akwai tsarin asali, wanda kowa ke ɗauka kyauta, ɗakuna ne da ƙofofi, babu ado. Sai kowane kamfani ya ɗauka ya yi masa fenti, ya ƙara labule, ya cusa kujerun da ba ka nema ba, sannan ya ajiye mai gadi a bakin ƙofa.

"Mai gadin nan ba kai ka ɗauke shi aiki ba. Ka sallame shi yau, su turo sabuntawa kana barci, gari ya waye ka same shi zaune a bencinsa yana korar maka baƙi. Kuma ba zai faɗa maka ya dawo ba."

"Ba kowace sabuntawa ba," in ji Dogo.

"Wacce ce ba ta yi? Nuna masa a kalanda."

"Ka ji mutum. Shi a ganinsa kowa ya zauna a kango. Yaya, kar ka biye masa. Wannan ƙarin da yake zagi shi ya sa rubutun wayarka ya yi manya kana gani ba tabarau. Shi ya sa batirinka ke kwana. Kamfani ya san tsofaffi irinku ya yi domin ku. Tsarin asali na yaran da ba su da aikin yi ne, da irin su Injiniya da ba mai kiransu."

"Ni matata ke kirana, ita ma mai gadin naku ya taɓa toshe ta."

"Wannan kam ya yi maka gata."

Masu teburin gaba suka kwashe da dariya. Mai Walda bai yi ba. Yana tunanin Auta jiya, yadda ta tsaya a tsakiyar matakalar gidan ta zauna, ta ce takalminta take gyarawa, alhali takalmin ba abin da ya same shi. Leɓɓanta sun yi duhu. Ya yi kamar bai gani ba, ita ma ta yi kamar bai gani ba.

"Idan na bar ta yadda Dogo ya yi," ya ce, "ta yaya zan san mai gadin ya dawo?"

"Ka riƙa dubawa kowace safiya," in ji Dogo. "Zan nuna maka hanya."

Ya nuna masa. Saiti, sai wani wuri, sai wani wuri a cikin wannan, sai a gangara ƙasa. Mai Walda ya gwada da kansa ya ɓace a mataki na uku. Ya sake gwadawa ya tsinci kansa a wajen sauya hoton bango.

"Idan kuma aka cire shi gaba ɗaya?" in ji Mai Walda.

"Sai in wanke ta tas, in zuba mata na asali," in ji Injiniya. "Babu mai gadi, babu benci. Duk wanda ya kira zai shigo. Amma in faɗa maka gaskiya, har da 'yan talla da 'yan damfara."

"Su shigo. Ni zan tace su."

"Garantinka ya tafi ke nan," in ji Dogo. "Kuma idan ta mace a hannunsa kar ka zo wajena."

"Wanke ta," in ji Mai Walda.

Dogo ya ɗaga kafaɗa. Duk da haka shi ne ya jawo aljihun tebur ya fito da wata tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi, ya sa sim ɗin Mai Walda a ciki, don kada kira ya zo a lokacin aiki ya tarar da layi a kashe. Mai Walda ya riƙe ta da hannu biyu a kan gwiwa. Aka kawo shayi ya huce a gabansa. Injiniya ya kwashe hotuna da lambobi ya zuba a kwamfuta, ya haɗa wayar da igiya, fararen rubutu suka yi ta gudu a baƙin gilashi. Ta mutu ta farfaɗo, ta sake mutuwa. Dogo yana waƙar zolaya ƙasa-ƙasa, Injiniya yana cewa ya rufe masa baki.

Rana ta karkata kafin ta tashi sosai. Fuskarta ta zama fili fetal, alamomin manhajoji 'yan kaɗan, babu tallar da ke faɗowa daga sama, babu tsintsiyar da ke cewa a share datti. Injiniya ya mayar da sim da lambobi da hotuna, ya ƙara girman rubutu iyakar yadda ta yarda, ya kai ƙarar ƙarshe. Ya miƙa masa kamar mai miƙa jariri.

Mai Walda ya yi ta lalube. "Ina maganganun likita?"

"Waɗanne?"

Duk kiran da likitan Auta ya yi masa a baya, wayar tana naɗe shi da kanta. Likitan yana magana da sauri, yana haɗawa da kalmomin da Mai Walda bai sani ba, don haka da yamma shi da uwar yaran sukan kunna su saurara har su gane wane magani ne kafin abinci, wane ne bayansa, wace alama ce idan an gani a taho asibiti da gudu.

Injiniya ya sosa gemu. "Wannan na kamfani ne. Yana cikin nasu ɗakin. Ai ba ka faɗa mini ba."

"Wannan ba ta naɗewa?"

"Ta asali ba ta yi."

Dogo ya dubi fuskar Mai Walda, ya mayar da tsohuwar wayarsa cikin aljihun tebur.

"Uwarta ta haddace," in ji Mai Walda, ya tashi.

Kira na farko ya same shi kafin ya fita daga kasuwa. Ya daɗe yana kokawa da gilashin kafin ya ɗauka, domin koriyar da'irar amsa kira ba ta wurin da ya saba. Wata murya ce da aka naɗa tana taya shi murnar cin kyauta. Na biyu ya zo a tasha, wani saurayi mai sayar da filaye. Mai Walda ya saurare shi har ya tabbatar ba asibiti ba ne, ya ce ya gode.

Bas ɗin ya cika. Ya samu wuri a tsaye kusa da ƙofa, hannu ɗaya a ƙarfen sama, ɗaya a waya. Na uku mace ce, murya a natse, ta gaishe shi da ladabi, ta tambaya ko shi ne mai wannan layin. Ya toshe ɗaya kunnen da kafaɗa. Ta ce tana kira ne game da lafiyar iyalinsa, ya ce eh, eh, shi ne mahaifinta. Sai da ta yi nisa ya fahimci inshora take tallatawa.

Tana cikin bayani ya ji wani ɗan ƙara a kunnensa, ɗit, ɗit. Ya sauke wayar ya duba. Wata lamba ce ke shigowa a kan ta mai inshora, babu suna. Da'irori uku suka fito, da ƙananan rubutu a ƙarƙashin kowace. Direba ya taka birki, mutane suka dannu a kansa. Babban yatsansa ya yi abin da ya saba yi a tsohon tsari, ya ja daga dama zuwa hagu.

Lambar ta ɓace. Mai inshora tana nan tana cewa, "Baba, kana ji na?"

Ya kashe ta. Ya nemo lambar ya kira. Wata murya ta ce wannan layi ba ya karɓar kira. Ya gwada lambar masu kyautar ɗazu, don ya ji bambanci, ita ma abin da ta ce ke nan, da murya iri ɗaya. Ya sauka a tasha ta gaba ya tsaya ƙarƙashin rumfar wani mai faci, inda babu hayaniya sosai, yana kallon gilashin. Babu saƙo, amma matar teburin ta ce saƙon sai bayan an ɗauka yake zuwa. Ta kuma ce sun kira sau biyu wancan karon, sai dai ba ta ce doka ba ce. Ya kira babbar lambar asibitin, aka ce masa ofishin jerin masu jiran aiki ya tashi, sai gobe.

Ya jira a wurin har mai facin ya fara haɗa kayansa, sannan ya ƙarasa gida da ƙafa, wayar a hannu.

Auta tana zaune a tabarma tana aikin makaranta, ta ɗago ta ce sannu da zuwa, Baba. Ya shafa kanta. Uwar yaran ta biyo shi ɗaki da kofin ruwa, ta tura ƙofa da ƙafa, ta dubi wayar da ya ajiye a kan gado.

"Me ya sami fuskarta?"

"An wanke ta. Yanzu kowa yana shigowa."

"To an kira?"

"An kira."

Ta ajiye kofin a hankali. "Su ne?"

Mai Walda ya zauna a bakin gado ya fara kwance igiyar takalmi. Wayar tana gefensa, ƙararta a ƙarshe, batirinta ya kusa rabi. Ko asibitin ne suka kira a cikin bas, ko wani mai talla ne, bai sani ba, kuma babu wanda zai tambaya kafin gari ya waye.