Ƙwai a Cikin Lagireto

Bakaniken ya ciro lagireton motata, wadda ta girmi babban ɗana, ya leƙa ciki ya yamutsa fuska.

"Baba, wannan lagireto ne ko kaskon suya? Wa ke fasa ƙwai a ciki?"

"Matata," na ce. "Marigayiya."

Duk sanda lagireton ya fara yoyo a hanya, sai ta sauka ta fasa masa ɗanyen ƙwai, zafi ya dafa shi ya toshe hujin. Mukan zauna a gefen titi, tana yi mini tsiya, ina nuna mata gajimare masu kama da kifi.

Bakaniken ya ajiye mini sababbi biyu, na alminiyam da na jan ƙarfe.

"Wanne ne zai riƙa yoyo kaɗan-kaɗan?" na tambaya.

Ya fara dariya, ya dubi fuskata, ya daina.

"Babu, Baba. Naka kuma ya ruɓe, ko dalma ba ta kama shi."

Na nuna na jan ƙarfen, don ya fi kama da namu. Ya ɗaura, ya tayar da injin. Na durƙusa na daɗe ina leƙen ƙarƙashin motar. Ko ɗigo babu.