Rijiyar Sabuwar Tunga

Shekarar da ruwan dam ɗin Bakolori ya haura ya shanye tsohuwar tungarsu ta gefen Maradun, Nagode ta kwashi tukwanenta ta bi jama'a zuwa tudun da aka ba su. Aka kafa bukkoki, aka ja danga, aka sa wa wurin suna Sabuwar Tunga. Nagode ta haura hamsin, gajera ce mai ƙarar murya, kuma duk yankin an san ta da sabulun salo. Ita ke ƙona karan gero da hannunta, ta tace tokar, ta dafa da man gyaɗa har ya yi baƙi ya kama jikinsa.

Sai dai tudun nan ba ruwa. Da damina akwai kududdufi bayan gari, mutane na ɗiba a wannan gefe, jakuna na sha a wancan. Da rani kuwa sai an yi tafiya mai nisa zuwa bakin dam, a dawo da tulu ɗaya wanda girki kaɗai zai cinye shi. Ƙazuwa ta kama yara, kurkunu ya kwantar da manya, har da Bawa mijin Nagode, wanda ya yi damina guda yana jan ƙafa. Sau biyu maza suna haƙa rijiya, sau biyu rairayi na ruftawa. A na biyun sai da ƙasa ta binne Tukur, ƙanen Bawa, har ƙirji, aka zaro shi da igiya yana salati. Tun daga ranar ba namijin da ya sake ɗaukar diga.

Wata Talata, Nagode ta baza sabulunta a kasuwar Mafara, sai ga Lucy, matar wani magini da ake kira Markus. Mutanen Zuru ne, aikin magudanan ruwa ya kawo su garin, kuma Lucy ba ta wanka da sabulun kowa sai na Nagode. Suka gaisa, aka tambayi gida da yara da gajiya da sanyin safiya, har aka gangaro kan ƙafar Bawa. Lucy ta tsuguna tana zaɓe, sai ta kalli zanen Nagode ta yi dariya.

"Inna, ke ce mai sabulun garin nan, amma dubi zanenki."

"Maman Alice, da mi zan wanke shi? Da yawu?" in ji Nagode. Daga nan ta kwance mata labarin kududdufi da rijiyoyin da suka rufta.

Lucy ta daina dariya. Ta ce, "Ai mu a gida zobban siminti ake jerawa a ciki. Ana haƙa, zobe na sauka, ƙasa ba ta samun hanyar zubowa. Baban Alice ya iya. Bari in yi masa magana."

Ranar Lahadi bayan an tashi coci, sai ga Markus a kan keke, Lucy a baya da lema. Dogo ne marar yawan magana. Ya leƙa tsohon ramin, ya murza ƙasar a tafinsa, ya zaga ya nuna wani wuri kusa da tsamiya, nesa da makewayin gari. Ya ce zai sa a yanka tsofaffin durom a ƙera masa ƙarfen zubin zobba, shi kuma zai riƙa zuwa duk Lahadi da yamma. Na mutanen gari shi ne siminti da tsakuwa da yashi, da hannuwa.

Maza suka taru a gindin tsamiya. Tukur ne ya fara magana. "Ni na shiga ramin ga na hito da raina. Ba ni komawa, ko zoben zinari anka kawo."

Da suka koma gida Nagode ta dubi Bawa. "Malam, kai ma haka ka gani?"

"A bari dai a ga abin da Allah zai yi," in ji shi, yana shafa tabon ƙafarsa.

Washegari Nagode ta bi gida-gida. Wannan ta ba da kwanon gero, wancan ta ba da kaza, wata tsohuwa da ake kira Marka ta kwance ɗan akuyarta, duk aka kai kasuwa aka dawo da buhunan siminti a kan jakuna. Sannan dattawan mata da zawarawa suka ɗauki kwanduna suka nufi dutsen da ke yamma da gari. Suna fasa dutse suna waƙa, kuma Nagode ce ke bayarwa. Ta sa sunan kowane magidanci a ciki, ta ce wane yana gadin inuwar tsamiya kada ɓarayi su sace ta, wane kuma yana taya shi. Muryarta kuwa har cikin masallaci.

Ba a yi kwana nawa ba Bawa ya ɗingiso ya karɓe gudumar daga hannunta. "Kawo nan, kin ishe mu," ya ce, yana ɓoye murmushi. Sauran suka biyo shi ɗaya bayan ɗaya, kowa na yin kamar hanya ce ta biyo da shi.

Haka aka shiga aiki. Markus ya zuba zobe na farko, ya koya musu yadda ake kwaɓi da yadda ake yayyafa wa zobe ruwa kada ya tsage. Wannan ruwan ma daga bakin dam mata ke ɗauko shi a ka, ba mai ƙorafi. Mutum ya shiga cikin zobe ya yi ta haƙa ƙarƙashinsa, zoben ya nitse a hankali, a ɗora wani a kai. Ranar da Markus ba ya nan, Bawa ne ke riƙe da ƙarfen zubi. Tukur dai igiya kawai yake ja daga sama, ko leƙawa ba ya yi.

Da rami ya yi zurfi, sai aka ci karo da jar laka mai tauri, diga na dukanta tana tsalle. Mako ya wuce ba a ga ko danshi ba. Jama'a suka fara karaya, Nagode ma ta rage waƙa, in ta kwanta sai ta riƙa tunanin akuyar Marka. Wata safiya mai haƙan ya fito a galabaice, aka rasa wanda zai canje shi. Sai Tukur ya tuɓe riga ya ɗaura igiya a ƙugu.

"Ku riƙe da kyau," ya ce. "In kunka sake ni, ban yafe ba."

Ya daɗe a ciki, ba a jin komai sai bugun diga. Can sai bugun ya tsaya. Nagode ta kwanta rub da ciki a bakin ramin. "Tukur! Lahiya?"

Dariya ce ta taso daga ƙasa. "Ku jawo guga!"

Guga ya fito da ruwa ja kamar kunun kanwa. Marka ta rangaɗa guɗa, mata suka amsa, Bawa ya manta da ƙafarsa ya yi tsalle. Nagode ta tsoma hannu biyu a ciki ta shafa a fuska, ta zauna a ƙasa tana dariya, hawaye na bin lakar da ke kumatunta.

Aka yi kwanaki ana kwashe laka har ruwan ya washe, ya zama garau, mai sanyi. Markus ya ɗaga bakin rijiyar ya kai ƙugu, ya yi daɓe kewaye da ita da 'yar hanyar da ruwa zai bi ya gangara, aka ƙera murfin katako. Nagode ta kafa doka da bakinta: guga ɗaya ne na kowa, a rataye shi a kan gwafa, kada ya taɓa ƙasa, dabbobi kuma su sha can nesa a kwami.

Lahadin da ta biyo baya aka yi wankan gari. Nagode ta fito da ƙwarya cike da sabulu ta ce kyauta ne. Aka jera yara ana cuɗa su suna ihu, kumfa na gudu har gindin tsamiya, dangogi suka cika da shanya. Aka yanka kaji saboda baƙi, Markus ya ci tuwo har ya kwance maɓallin riga. Lucy ta zo taimako da kwalliyarta ta coci, Marka ta sheƙa mata ruwa ƙwarya guda a baya, Lucy ta bi tsohuwar da gudu ana ta shewa.

Ana cikin haka wasu mata uku suka iso daga wajen Faru, ƙafafunsu fari fat da ƙura. Babbarsu, Taiba, ta gaida kowa, aka ba su ruwa suka sha har suka yi ajiyar zuciya. Sannan ta ce sun ji labari ne, su ma tasu rijiyar ta rufta, ko za a ara musu ƙarfen nan.

Markus ya nuna Bawa da Tukur. "Ga masu aikin nan. Sun fi ni iyawa yanzu."

"To mazanku fa, suna yarda?" Nagode ta tambaya.

Taiba ta sunkuyar da kai. "Wallahi Inna, sun ce sun gaji."

"Ba komi," in ji Nagode, tana gyara ɗaurin kallabinta. "Hwaɗa mini sunayensu ɗaya-ɗaya. Malam, a ɗaura wa jaki ƙarfen, gobe da ni za a tahi."