Hanyar Jirgi a Fadamar Unguwar Jibo

Shekara talatin da ɗaya Malam Ummaru ya yi yana aikin reluwe a Funtua. Ba direba ba ne, ba kuma ma'aikacin ofis ba. Cikin masu bin layin dogo yake, suna duba ƙusoshi, suna canza katakon da ya ruɓe, suna share ciyawa. Ya ga zamanin da ake loda auduga da hatsi da shanu har taragu su kasa, ya kuma ga lokacin da jirgin ya koma zuwa sau ɗaya a mako, daga nan sai an ga dama, daga nan shiru. Da ya ajiye aiki sai ya koma garinsu, Unguwar Jibo, can bayan Gozaki, ya kama noma kamar kowa. Mutane dai ba su daina kiransa Ummaru Reluwe ba, shi ma bai so su daina.

Wata shekara bayan an gama girbi sai ga 'yan safiyo da motoci biyu. Suka auna, suka kafa jajayen turaku tun daga gabas, suka ratsa tsakiyar fadamar garin suka fita ta yamma. Ranar Asabar dagaci ya tara magidanta a filin makarantar firamare, wani injiniya mai suna Mus'ab ya tashi ya yi bayani. Ya ce sabon jirgin ƙasa za a yi, irin mai gudun nan da ake gani a ƙasashen waje, wanda zai ɗauko mutum daga bakin teku da hantsi ya sauke shi a Arewa kafin la'asar. Ya ce hanyar ta biyo ta nan, kuma za a biya kowa diyyar gonarsa.

Wanda ya fara ɗaga hannu shi ne Maharazu, abokin Malam Ummaru tun suna yara, mai noman tumatir da shinkafa a fadamar.

"Injiniya, ina da tambaya ɗaya. A ina zai tsaya?"

"Ana kan nazarin tashoshi, Baba."

"To. Na ji a rediyo an faɗi kuɗin da aikin zai ci. Ni ban iya ƙirga su ba, amma wanda ya iya ya ce sun isa a zuba kwalta a kowace hanya ta ƙasar nan har a yi saura. Mu nan bara mota ta kafe da tumatirina tsakaninmu da titi, kwana biyu, sai zubarwa muka yi. Matar ƙanena a kan amalanke ta haihu. In taimakonmu ake so a yi, ga hanyar nan, ba ta kai tafiyar sa'a guda a ƙafa ba. Kuma an ce rance za a ciwo. Wa zai biya? Jikokinmu, waɗanda aka ƙwace wa fadama?"

Wuri ya ɗauki gunaguni. Injiniya ya dubi dagaci, dagaci ya dubi Malam Ummaru. Shi kuwa dama tun ɗazu zuciyarsa ke tafasa. Ya miƙe ya gyara hula.

"Jama'a, ku kun san ni. Abin da Maharazu ya faɗa ba ƙarya ba ne, amma tunanin yau ne kawai. Funtua da kuke gani, me ya mai da ita gari? Jirgi ne. Kakanninmu ma sun yi ƙorafi da aka ratsa gonakinsu, amma 'ya'yansu suka ci arzikin. Kwalta shekara nawa take yi? Damina uku ta fashe. Layin dogo kuwa, ni da hannuna na taɓa ƙarfen da ya girmi mahaifina. Tumatirin da ya ruɓe maka, Maharazu, da akwai jirgi da ya kwana a kasuwar Kudu. Kuma ba a taɓa yin jirgi babu tasha ba. Inda duk layi ya bi, arziki na biye da shi."

"Ummaru," in ji Maharazu, bai ko ɗaga murya ba, "wanda zai ƙona rumbunsa ya fara sanin inda toka ke kuɗi."

"Ni zan fara ƙona nawa. A rubuta gonata ta farko."

Haka aka yi. Ya dangwala yatsa a takardar amincewa, mutane suka bi bayansa ɗaya bayan ɗaya, domin a duk garin shi kaɗai ya san jirgi. Maharazu ne ya zo ƙarshe. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya dangwala, don ya ga ko ya ƙi ko ya so hanya ta riga ta ratsa.

Da rani katafiloli suka iso. Suka tuge mangwarori, suka kankare baƙar ƙasa, tifofi suka yi ta zubo jan burji ana dannewa. Kafin wata uku an tayar da wani dogon tudu kamar ganuwa, ya fi soro tsawo, ya raba fadamar biyu. Kullum da safe Malam Ummaru yana can yana kallo, hannuwa a baya. Matarsa Hansai takan ce masa, "Malam, ko sun ɗauke ka aiki ne ban sani ba?" Sai ya yi dariya. Ya daɗe bai ji daɗin rayuwa kamar watannin nan ba.

Idon tsohon ma'aikaci ne ya nuna masa abin da sauran ba su lura da shi ba. Ƙoramar da ke kwashe ruwan gari ta kai shi rafi, an bi ta kanta an toshe, ba a bar ko kwalbati ba. Ya sami Injiniya Mus'ab a inuwar mota ya gaya masa.

"Na sani, Baba. Gada za a yi a wurin. Tana cikin kashi na biyu na aikin, kafin ruwa ya sauka in Allah ya yarda."

"To madalla. Tashar fa, an gama nazarin?"

Injiniya ya murza hular kwanonsa. Yaro ne mai kunya, da alama ƙarya na yi masa nauyi.

"Baba, kai ma'aikaci ne, ba zan ɓoye maka ba. Irin wannan jirgin ba ya tsayawa a ƙananan garuruwa. In ya tsaya, gudun ya tashi a banza. Manyan birane kawai. Kuma ba na kaya ba ne, na fasinja ne, kuɗin kujerarsa ma ba kowa zai iya ba. Za a kuma ja waya gefe da gefe, ko akuya ba za ta ƙetara ba."

"Ko Funtua?"

"Ban gan ta a zanen da ke hannuna ba."

Malam Ummaru ya koma gida a hankali. Ya yi niyyar zuwa wurin dagaci, ya kai har ƙofar gida ya juyo. Me zai ce? Cewa mutanen da suka ba da fadama saboda maganarsa sai dai su ji wucewar iska? Ya ce wa kansa wataƙila a canza zanen. Ya bar maganar a cikinsa, ko Hansai bai gaya wa ba.

Ana saura kamar wata guda ruwa ya sauka, aiki ya tsaya. Aka ji cewa can birni gardama ta kaure. Wasu na cewa kuɗin ya yi yawa kuma jirgin ba zai taɓa mai da su ba, wasu na cewa ƙasar da ba ta yi irinsa ba za a bar ta a baya. Masu ba da rance suka ce sai an daidaita. Katafilolin da suka zo da hayaniya aka ɗora su kan manyan motoci aka tafi da su. Injiniya ya biyo ya yi wa Malam Ummaru sallama, ya ce ya rubuta maganar ƙoramar har sau uku. Diyya kuwa kaɗan daga cikin mutane suka gani.

Mutane suka shuka abin da ya rage musu. Daminar ta zo da ƙarfi. A farkon watan Agusta aka yi ruwa kwana biyu ba ƙaƙƙautawa, ya gangaro ta hanyarsa ta kullum ya tarar da bango. Ya tsaya, ya taru, ya fara komowa baya. Masarar da ta fara goyo ta nutse har wuya. Rana ta uku ruwa ya shiga unguwar gangare, katangun ƙasa suka jiƙa suka fara zubewa. Ɗakuna biyu na gidan Maharazu suka faɗi, rumbunsa ya kife da dawar bara a ciki. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba.

Babu wanda ya zagi Malam Ummaru. Da sun zage shi ma da ya fi masa sauƙi. In ya yi sallama a amsa, amma ba a matsa masa a tabarma. Da ya ga ruwa na neman masallaci, ya ɗauki tsohuwar digarsa ta aiki ya nufi tudun, ya tsaya daidai inda ƙorama take a da, ya fara sara. Mutane suka tsaya suna kallonsa, tsoho mai shekara kusan saba'in cikin ruwa har gwiwa. Can Maharazu ya zo da shebur ya tsaya gefensa. Sauran suka biyo.

Kwana uku suna haƙa, domin an danne burjin ya yi tauri kamar dutse. Da suka huda, ruwan ya yage ɓarakar da kansa ya fita da ƙarfin da ba su zata ba. Ya kwashi jan burji da tsakuwa ya shimfiɗa a kan shinkafar da ke ɗaya gefen, wadda ita kaɗai ta rage wa garin. Da ruwa ya janye, fadamar da ke ciyar da Unguwar Jibo tun kaka da kakanni ta koma jan fili mai tsakuwa. Aka kai kuka ƙaramar hukuma, aka ce aikin ba nasu ba ne. Aka nemi kamfanin da ya yi aikin, ofishinsu a kulle.

Bayan sallar layya Maharazu ya sayar da awakinsa, ya ce zai koma wurin ɗansa Talha da ke facin taya a Malumfashi. Da safen da zai tafi, Malam Ummaru ya same shi yana ɗaure tabarmi.

"Maharazu, akwai maganar da ke cina. Tun da rani injiniya ya gaya mini jirgin ba zai tsaya a nan ba. Ko a Funtua. Na sani, na yi shiru."

Maharazu ya ci gaba da ɗaurinsa har ya gama ƙulli.

"Ko da ka faɗa, da ba a fasa aikin ba. Sun riga sun tara ƙasarsu."

"Duk da haka. Ka yafe mini."

"Na yafe. Kai ma ai taka gonar ta tafi." Ya ɗaga kai ya dubi inda rumbunsa yake a da. "Abin da ke damuna, Ummaru, har yau ban san wanda ya yi gaskiya tsakanina da kai ba. Da jirgin ya zo ya wuce mu, sai in ce ga shi na faɗa. Da ya zo da arziki, sai in ba ka haƙuri. To bai zo ba. An cinye mu, kuma ko gardamar ba a gama ba."

Mai babur ya iso, aka ɗora kaya. Suka yi musafaha, Maharazu ya hau, bai waiwayo ba.

Gidaje goma sha ɗaya suka tashi a shekarar. Da bazara ta kewayo, Malam Ummaru ya gwada saran jan filin da ya rage masa, fartanya ta yi ta tsalle a kan tsakuwa. Ya zuba takin da ya tara, ruwan farko ya wanke shi. Hansai ta auna abin da ya rage a buhu ta ce ba zai kai su wata biyu ba.

Wani Alhaji a Dayi yana neman 'yan ƙwadago a gonar waken suya. Ranar Litinin Malam Ummaru ya saɓa fartanya ya bi sahun samari. Mai kula da gonar ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Baba, za ka iya kuwa?"

"A nuna mini kunyata," in ji shi.

Aka nuna masa ta can ƙarshe. Ya naɗe hannun riga, ya duƙa.