Karkataccen Kumbo

Karo na uku ke nan ɗan samfurin kumbon sama jannatin yana faɗawa tafkin gwaji da cikinsa, tim, ruwa ya fantsama har gilashin ɗakin na'urori. Injiniya Ornella ta dubi allo, ta ga abin da ta gani jiya da shekaranjiya: bugun ya ninka abin da ƙashin bayan mutum zai iya ɗauka. Da babban kumbon ne, da 'yan sama jannati uku a ciki, babu wanda zai fito da ƙafarsa.

Shekara huɗu ta yi tana zana gindin kumbon nan, wanda a teku zai sauka idan ya dawo daga sama. Ranar Litinin kwamiti zai iso daga Turin, kuma da waɗannan lambobi, aikin ya mutu murus. Tsoro take ji.

Ta fito bakin tafki. An sake rataye samfurin a ƙugiya yana ɗigar ruwa, girmansa bai wuce tukunyar biki ba. Baba Tullio, wanda ya ƙera shi, ya miƙo mata kofi. Shekara arba'in tsohon ya yi yana sassaƙa ƙananan jiragen ruwa a wannan tafki na bayan Roma, kafin a fara kawo masa kayan sama, kuma har gobe gani yake injiniyoyi ba su san komai ba sai takarda.

"Sha, 'yar nan. Ko ba komai ai ya tsaya ƙyam. Da kin ga yadda ya fito daga awo, a karkace kamar mashayi, da kin ji kunya."

Kofin ya tsaya mata a hanya.

"Baba Tullio, me ka yi masa?"

"Me kuwa? Na matsar da dalmar ciki zuwa tsakiya. Jirgi bai taɓa fita daga hannuna a karkace ba, ba kuma a kanki zan fara ba."

Ornella ta dafe kai. Da gangan aka karkatar da nauyin kumbon, don ya tsaga ruwa da gefensa maimakon ya doke shi da ciki. Tsohon ya gyara abin da bai lalace ba. Ta buɗe baki za ta balbale shi da faɗa, sai dariya ta kuɓuce mata, har da ƙwalla.

"Mayar da ita inda take, Baba. Don Allah."

Ya mayar, yana ƙunƙuni. Suka jira minti ashirin cur ruwan ya kwanta, don ba a sakin samfuri a kan ruwa mai motsi. Sannan ƙugiya ta saki. Kumbon ya sulale ta gefe, ya nutse rabi, ya taso yana rangaji.

Lambar da ta fito ba ta kai rabin abin da ƙashin baya zai iya ɗauka ba. Ornella ta karanta ta sau uku, ta zauna daɓas a jiƙaƙƙen siminti tana ajiyar zuciya.

Baba Tullio ya daɗe yana hararar abin da ke yawo a karkace a tsakiyar tafkinsa.

"Sun rayu ke nan?"

"Sun rayu, Baba."

Ya goge hannu a rigar aiki. "To, madalla. Amma idan mutanen jiragen ruwa suka tambaya, ki ce daga Turin aka kawo shi."