Mangwaron Kulu

Da Mika'ilu ya rasu, wansa Isiyaku ya haɗiye gonarsu ta bakin kanal ɗin ban ruwa a Bunkure, ya ce ai tun asali aro ce. Kulu, matar marigayin, ta kai kuka wurin mai unguwa. Ba shaida, ba takarda. Abin da aka iya tsaga mata shi ne mangwaron da ke gefen gonar, don kowa ya san mijinta ne ya dasa shi.

Isiyaku ya haƙa tafkin kifi a ƙarƙashin inuwar bishiyar, ya cika shi maƙil da karfasa. Kullum in Kulu ta zo wucewa sai ta durƙusa ta ce, "Yaya, ina wuni?" Shi kuwa da ka yake amsawa.

Abin da bai tuna ba, Kulu 'yar masunta ce daga Tiga. Tun tana ƙarama ta san ruwa in ya ɗau zafi iskar da kifi ke shaƙa guduwa take daga cikinsa, balle ruwa marar zurfi da aka cunkushe. Ta haɗiye wannan a ciki wata biyar. Sanyi ya wuce, bazara ta kankama, kifi ya yi ɓul-ɓul, har dillalan Kura sun fara zuwa taya.

Ranar wata Alhamis da Isiyaku ya tafi ɗaurin aure Garun Mallam, ta kira masu injin yankan itace. Kafin azahar mangwaro ya kwanta.

Kwana biyu rana na dukan tafkin. Ruwan ya koma kamar na wankan jego. Kifaye suka taso sama suna hangame baki, a rana ta uku suka mace, suka juya cikinsu sama.

Isiyaku ya iske ta tana ɗaure itace.

"Kulu, da gangan kika yi."

"Da gangan ne, Yaya," in ji ta, ba ta ko ɗago ba. "Ban taɓa maka ruwa ba, ban taɓa maka kifi ba."

Ya kai ƙara, aka ce ba ta da laifin da za a kama. Shi da 'ya'yansa suka kwashe mushen a baro, wari ya hana maƙwabta ban ruwa har kwana biyu.

Kulu ta ɗauka za ta ji sanyi a ranta, kuma ta ji, na ɗan lokaci. Da mangwaro ya nuna a gari, 'yarta Mansura ta aiko daga Kadawa a tsinko mata na babanta, tana da ciki, shi take kwaɗayi. Kulu ta sayi na kasuwa ta aika mata.