Aradu a Gonar Malam Dauda

Duk Unguwar Sarki an san Malam Dauda da cin yaji. Tun yana aikin gwamnati ba ya rabuwa da 'yar kwalbar yaji a aljihun kaftani, ko walimar ofis aka je sai ya zaro ta ya barbaɗa a shinkafa. Da ya yi ritaya bai bi sahun abokansa da ke wuni a gindin dalbejiya suna gardamar siyasa ba. Yana da ɗan fili a Katabu kusa da fadama, can ya koma yana noman attarugu da tattasai.

Wata ranar Asabar ɗan ƙanwarsa Sharhabil ya zo gaishe shi. Tun da ya gama hidimar ƙasa bai samu aiki ba, sai ya kama sayar da kaya ta waya: yau takalma, gobe turare. Bayan sun gaisa ya zube wasu 'yan ledoji uku masu ƙyalli a kan tabarma, kowace da hoton harshen wuta.

"Kawu, irin barkono ne. Sabo fil, daga waje. Wannan Kunama, wannan Gobara, wannan kuwa Aradu. Duk duniya babu wanda ya kai Aradu zafi."

Malam Dauda ya sa tabarau ya juya ledar. "Wannan lambar fa, mai sifilai kamar kasafin kuɗin jiha?"

"Ma'aunin zafi ne, Sukobil ake ce masa. Kunama miliyan ɗaya, Gobara biyu, Aradu uku. Attarugunka ko ƙafarsu bai kama ba."

"Wa ya auna?"

"An auna a waje."

"Wane wajen? Wajen gari ko wajen gida?"

Sharhabil ya yi dariya, ya ce ai Kawu ba ya rabo da tsokana. Abin da ya kawo shi dai roƙo ne: a shuka masa irin a Katabu, don ya samu hotunan da zai nuna wa masu saye. Malam Dauda ya so ya ƙi. Amma ɗan ƙanwa ba abin yarwa ba ne, kuma can ƙasan zuciyarsa akwai kwaɗayin ya ji barkonon da ake wa wannan kirari. Ya karɓa.

Bai yi wa aikin riƙon sakainar kashi ba. Ya yi reno daban-daban, ya yi dashe a kunya uku nesa da juna, ya kafa wa kowace turke mai suna don kada a rikice. Rabin irin ma bai tsiro ba. Wanda ya tsiro ya yi ta lallaɓa shi kamar jinjiri, da takin kaji da ban ruwa, har attarugunsa na gado ya soma fushi saboda rashin kulawa. Kuɗin mota daga tashar Kawo zuwa Katabu kuwa, matarsa Asabe ta daina magana a kai, sai dai kallo.

Da barkonon ya nuna, Malam Dauda ya tsaya tsakiyar gonar ya riƙe ƙugu. Ganye iri ɗaya. Tsayi iri ɗaya. 'Ya'yan ja-ja, masu yamutsattsiyar fata da ɗan wutsiya a ƙasa, na kunyar farko da na ta ƙarshe kamar an tsaga kara. Ya gutsuri Kunama, ya jira bakinsa ya huce, ya gutsuri Gobara, washegari ya gwada Aradu. Zafi kam akwai shi, ya fi na attarugu nesa ba kusa ba, wannan ba zai yi musu ba. Amma da za a ɗaure masa ido, wallahi ba zai ce ga wannan ga wancan ba. Abin haushin ma, a cikin kunyar Aradu akwai gindin da ɗansa bai kai na Kunama cizo ba.

Ya kawo wa Asabe kaɗan ta jefa rabin guda a miyar kuka. Loma ɗaya ta yi ta ture kwanon.

"Malam, wannan ai ba yaji ba ne, mugunta ce. Ina ƙamshi? Ya kashe daddawar, ya kashe man shanun. Attarugu tun daga zaure yake yi maka sallama, wannan kuwa sai dai ya kai maka mari babu gaisuwa."

Ya kira Sharhabil ya zo, ya jera masa barkono uku a faranti ya ce ya nuna masa Aradu. Saurayin ya duba, ya sake dubawa, ya nuna na tsakiya.

"Kunama ce," in ji Malam Dauda. "Kai da ke sayarwa ma ke nan."

"Kawu, ai ba a ido bambancin yake ba."

"Ba ya ido, ba ya harshe, ba ya tukunya. To a ina yake? A leda?"

A nan ne Sharhabil ya saki baki. Mutumin da yake saro irin a wurinsa bai taɓa ganinsa ba, a waya suka haɗu. Lambobin shi ya turo su, babu takardar wani ɗakin gwaji. Sunayen Hausar kuwa shi Sharhabil ya raɗa, don na asalin ba sa kama kunne. Har ma an turo masa wani sabo, wai ya ninka Aradu, yana tunanin ya sa masa Girgizar Ƙasa.

Malam Dauda ya ji kansa ya ɗau zafi. "Wata nawa da aka ce Aradu ne ƙarshe? Barkono shuka ne, ba wayar hannu ba da za a riƙa fito da sabo duk bayan Sallah! Mutane za su sayi irin nan, su kashe taki, su kashe ruwa, kamar yadda na kashe."

"Kowa haka yake yi, Kawu. In ka rubuta barkono mai zafi kawai, ko kallo ba za a yi ba."

"To ɗauko wayarka. Ranar Asabar mu je gonar, in ci ukun a gabanka, in faɗi abin da na ji, ka sa wa masu sayen naka su gani. In kana da gaskiya ka yarda."

Ga mamakinsa, Sharhabil bai yi ko gardama ba.

Ranar suka tafi da hantsi. Malam Dauda ya sa kaftaninsa mai kyau, ya zauna kan kututture, Sharhabil ya saita waya ya soma ɗaukar bidiyo. Ya ciji Kunama, ya tauna a natse, ya ce da zafi. Ya kurkure baki ya ciji Gobara, ya ce duk kanwar ja ce. Ya ɗauki Aradu ya ciza, ya buɗe baki zai yi magana, sai wata 'yar ƙwayar iri ta bi ta maƙogwaron da ba nata ba. Ya ƙware. Tari ya turnuƙe shi, hawaye da majina suka ɓalle, hula ta faɗi cikin kunya, ya miƙe yana dukan ƙirji yana laluben gorar ruwa. Sai da ya ɗauki lokaci kafin numfashinsa ya dawo. Sannan ya gyara zama, ya mai da hula, ya yi bayani tiryan-tiryan: ƙwarewa ya yi, ba zafi ba ne, ukun nan abu ɗaya ne, lambar da babu wanda ya san mai auna ta ba hujja ba ce, kowa ya yi hattara da kuɗinsa. Ya koma gida yana jin ya sauke nauyi.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, yana neman takalminsa, sai ya ji an dafa shi. Balarabe ne, tsohon abokin aikinsa, yana dariya har da riƙe ciki.

"Dauda, ashe Aradu ta faɗo maka! Sannu da arziki!"

Ya miƙa masa waya. Ga Malam Dauda nan yana cizon barkono, ga tarin, ga hular tana faɗuwa, an maimaita faɗuwar hular a hankali, an sa kiɗa. A sama an rubuta: Dattijon da ya yi shekara da shekaru yana cin yaji ya miƙa wuya ga Aradu. Daga nan bidiyon ya ƙare. Bayanin nan nasa ko kalma ɗaya babu.

Tun a bakin masallacin Malam Dauda ya kira Sharhabil.

"Kawu, ka yi haƙuri, dogon bidiyo ba a kallo ne. Amma ka ga yadda ya zagaya? Irin ma ya ƙare, har daga Zariya ake nema."

"Da fuskata ka yi ƙarya. Ka sa cikakken yau ɗin nan, ko in je Unguwar Shanu in zauna gaban uwarka!"

Sharhabil ya sa cikakken. Sumayya, 'yar autar Malam Dauda da ke karatu a jami'a, ita ta duba masa bayan kwana biyu. Waɗanda suka kalla ba su cika motar haya ba. Ɗaya ya rubuta cewa Baba borin kunya yake yi. Wani ya ce ai ƙwarewar ma aikin Aradu ce.

Mako bai zagayo ba Malam Dauda ya tafi Katabu da fartanya. Ya tsinke 'ya'yan kunya ukun kaf, ya zuba su kwando ɗaya, ya cakuɗa da hannu biyu, ya tumɓuke itatuwan ya tara a gefe. Turakun masu suna ya jefa su cikin fadama. Sai da ya shafa ido da bayan hannu ya tuna abin da ya taɓa, ya ƙarasa aikin da ido ɗaya yana tsaki.

Yana sauke kwandon a ƙofar gida sai ga maƙwabcinsa Umar, mai gashin tsire a bakin titi.

"Malam, dama kai nake jira. A taimaka mini da Aradun nan, masu saye sun dame ni."

Malam Dauda ya yi masa bayani daga farko, a tsanake, yadda zai yi wa wanda yake so da alheri. Ya ce abu ɗaya ne, ga su nan a cakuɗe, ya ɗebi duk yadda yake so kyauta.

Umar ya yi ta gyaɗa kai. "Haka ne, Malam. Gaskiya ne." Ya tsuguna gaban kwandon ya shiga tona, yana ɗaga wannan ya duba a rana, ya ajiye, ya ɗauki wancan. Can ya ɗago.

"Amma tsakaninmu, wanne ne ya kayar maka da hula?"

Malam Dauda ya dube shi. Ya bar masa kwandon a nan ya shige gida, ya ce wa Asabe in an yi sallama ta ce ya kwanta.